Ranar da Na Kama Teku a Tsakar Gidana

Idan ka sauka daga jirgin fito a Karkana ka zo ƙauyenmu kana neman gidan Rayis Ayyadi, ba wanda zai yi maka kwatance da masallaci ko shagon shayi. Za a ce maka, ai gidan da aka kama teku, a yi dariya, sannan a nuna maka hanya. Ni ne Rayis Ayyadin, Rayis kuwa a nan laƙabin mai jirgin kamun kifi ne. Tun da kowa yana ba da labarin nan yadda ya ga dama, har da waɗanda suke barcin rana lokacin da abin ya faru, gara ka ji shi daga bakin mai shi.

Tsibirinmu a shimfiɗe yake kamar tabarma. Idan kana son hawa tudu a ƙauyenmu, sai dai ka hau jaki. Kakanninmu sun zauna da teku a haka lami lafiya, tana cika ta janye, kowa ya san iyakarsa. A shekarun nan ne ta fara rashin kunya. Idan ta cika a lokacin sanyi, iskar gabas kuma ta samu bayanta tana turawa, sai ta haura gaɓa ta shiga gonaki, ta bar gishiri, dabino ya bushe a tsaye. Bara ta shiga gidaje har idon sawu. Ta kuma kwanta a makabartar da ke arewa da gari, inda iyayenmu suke, da ’yarmu Najiba da ta rasu tana ƙarama.

Bayan wannan ambaliyar ce ɗanmu Lutfi ya tsallako daga birnin Safakis. Can yake gyaran firji, yana zaune a hawa na huɗu, inda idan ka leƙa taga ba abin da za ka gani sai tagar wani. Ya zaga gida ya duba layin gishiri a bango, sannan ya tsaya a kan murfin majil. Majil shi ne ɗakin ruwan da ke ƙarƙashin tsakar gida, inda ruwan sama yake gangarowa daga soro ya taru. Mahaifina ne ya haƙa namu. Ruwan famfo yana wanki, yana wanka, amma ba mai mutunci da zai dafa shayi da shi, kuma tsohon da ya dogara da shi don sha ya san abin da cikinsa zai gaya masa. Lutfi ya ce bango ana sake masa fenti, katifa ana shanya ta, amma ranar da gishiri ya shiga majil, ranar za mu haɗa kaya mu koma wurinsa, kuma ba zai saurari wata magana ba. Na amsa masa, har da rantsuwar da ba wanda ya nema, don a lokacin na tabbata teku ba za ta yi mini haka ba. Mun daɗe tare da ita.

Matata Shalbiya kuwa sai ka ce an yi mata albishir. Tun muna da baƙin gashi take cewa ita Safakis take so: ga asibiti, ga kasuwa mai rufi, ga jikoki, kuma ba ɓawon kifi a cikin kwanon wanke-wanke. Duk faɗan da muka taɓa yi da wannan maganar take rufe shi. Ranar da Lutfi ya koma sai da ta sauko da akwati daga kan sif ta kakkaɓe shi a gabana, tana ’yar waƙa ƙasa-ƙasa. Ni kuma hankalina ya tashi ƙwarai. Mutumin da tun yana yaro yake tashi ya shiga ruwa da ƙafarsa, ka ajiye shi a hawa na huɗu, me zai yi? Zai zauna yana kallon firji.

An yi mana alkawarin duwatsu daga birni, na gina katanga a bakin ruwa. Mun ga motocin sun sauko daga jirgi, mun ga sun wuce, mun ɗaga musu hannu. Da kaka ta zo ba labari, sai maƙwabcina Hattab ya buga tebur a shagon shayi ya ce mu yi da kanmu. Hattab abokina ne tun ƙuruciya, kuma bai taɓa yabona ba sai idan akwai aikin da yake so ya ɗora mini. Ya ce a duk Karkana wa ya fi Rayis Ayyadi iya kafa shinge a cikin teku? Na yi ’yar noƙewa, na ce ai akwai manya. Na duba shagon, na ga ni ne manyan.

Gaskiya kuma ya faɗa. Mu nan gonakinmu na gaske a cikin teku suke, kowane gida da yankinsa na ruwa da ya gada, kuma a ciki muke kafa sharfiya. Rassan dabino ake sokawa a laka, a jera su su zama shinge mai fikafikai biyu, buɗe a baki, suna tsukewa a hankali. Kifi idan ya ci karo da shinge ba ya faɗa da shi, bin jikinsa yake yi yana neman mafita, har ya kai ’yar ƙofa a kusurwa, ya shiga ɗaki, daga ɗaki ya faɗa kwando. Shiga da sauƙi, fita ba hanya. Ni sharfiyata ko baƙo ya hango ta daga jirgi ya san ta mai hannu ce, kuma ban taɓa gajiya da faɗin haka ba.

Muka fara aiki. Layi biyu na rassa muka soka, muka cika tsakaninsu da busasshiyar ciyawar da teku take zubarwa a gaɓa, da buhunan yashi, da duk dutsen da ya yi saken da muka gan shi. Ni ina tsaye da sanda ina koyarwa. Na ce musu teku ba a tare ta gaba da gaba, shinge madaidaici karyewa yake yi, dole a karkata shi yadda ruwa zai goge shi ya wuce. Wannan gaskiya ce, kuma har gobe ina kanta. Muka ɗauko fiffike ɗaya daga bayan makabarta, ɗaya daga kudu inda ake gyaran jirage, kowanne ya karkato yana matsowa wajen gari. Sai maganar ƙofa ta taso, don dole a bar inda jirage za su riƙa shiga da fita. Na yi dogon bayani a kan zurfin ruwa da taurin ƙasa, na nuna wurin da ya dace. Wurin ya zo daidai da lungun gidana. Gwiwoyina ba sa son doguwar tafiya, amma wannan ban sa shi a cikin bayanin ba.

Na san kai da kake saurare ka riga ka gano. Mu, maza cike da shagon shayi, waɗanda teku ta ci ƙuruciyarmu, ba ɗaya da ya gano. Da aka gama muka hau soro muka duba, kowa ya ce abin ya yi, don idon kowa a kan wannan siffar ya girma; da mun ja layi madaidaici ma ba za mu iya barci ba. Hattab ya ce bai taɓa ganin shinge mai kyan wannan ba. Shalbiya ta leƙo ta ce sak irin abin kifinka, ni kuma na ɗauka yabo ne, na ce na gode. Ita dai ƙorafinta shi ne na mayar da ƙofar gidanta hanyar kowa, maza suna wucewa da laka da ƙarni. Duk da raina aikin da take yi, kullum sai ta dafa shayi ta ɗauka da kanta ta kai wa masu aikin fiffiken arewa. Na kudu ko kofi ba su taɓa gani ba. Na ɗauka don Hattab yana arewa ne, shi da ya iya zuga shayin mutane.

Guguwar ta zo a tsakiyar sanyi, da rana tsaka. Tun safe iskar gabas take kaɗawa, an tsayar da jirgin fito, kowa ya ja nasa jirgin ya ɗaure. Bayan azahar teku ta fara cika, launinta ya koma na toka. Maza muka hau soron Hattab don mu ga aikinmu. Ni na tsaya a gaba, na gyara hula, don idan za a yi yabo kada a sha wahalar nemana.

Ruwa ya taso ya bugi fiffiken arewa. Shinge ya girgiza bai faɗi ba, ruwan ya goge shi ya bi jikinsa. Ya bugi na kudu, nan ma haka. Na juya na dubi jama’a na ce, to kun gani. Wani ya dafa kafaɗata, wani ya yi kabbara. Sai na mayar da ido ina bin ruwan, kamar yadda nake bin garken kifi a jikin shinge, ina jin daɗin yadda yake tafiya da ladabi. Na arewa yana gangarowa, na kudu yana haurowa, kowanne yana ƙara tsawo da gudu yayin da fili yake tsukewa. Idona ya riga su isa inda za su haɗu. Bayan ƙofar akwai lungu, bango dama bango hagu. A ƙarshen lungun akwai ƙofa mai shuɗin fenti, wadda ni na shafa mata da hannuna.

Hattab ya matso kusa da kunnena, a hankali, kamar mai tambayar lafiyar iyali.

“Rayis, fikafikai na gani, ƙofa na gani. Kwandon fa, a ina ka sa shi?”

Ban san da wace ƙafa na sauko ba. Gwiwoyin da suka jawo mini wannan duka ranar ba su ce uffan ba. Kafin in kai, ruwa ya riga ya ɓalle ƙofa ya cika tsakar gida. Shalbiya tana saman matakalar soro, ta rungume tukunyar gas da hannu ɗaya, kaza da ɗaya hannun. Ba ta yi ihu ba. Ta dube ni kawai ta ce sannu da aiki.

Na kutsa na laluba da ƙafa har na taka murfin majil, na ji yana rawa yana son tashi. Ban ga wata dabara ba, sai na zauna a kai. Haka na yi zaman dirshan a tsakiyar gidana, ruwa har ƙirji, sanyi yana cin ƙashina, butar alwala da takalman Shalbiya suna zagaya ni. Can sai na ji wani abu ya bugi haƙarƙarina, wani ya goge mini cinya. Kifi ne. Sun bi shinge kamar yadda iyayensu suka saba, sun shigo lungu, sun shigo ɗaki, ga su tare da mai gida.

Wajen la’asar sakaliya teku ta gaji ta fara janyewa. Ruwa ya sami ƙofa ya fita, kifi bai samu ba, don aikin gwani ne. Tsakar gidana ta cika da su suna tsalle, har cikin kicin, har ƙarƙashin gado. Tunda nake ban taɓa yin kamu irin na wannan rana ba. Kuma a duk ƙauyen ba gidan da ruwa ya taɓa ko dokin ƙofarsa sai nawa.

Kafin magariba labari ya canza kama. Mata suka zo da kwanduna suna tsintar kifi suna sa mini albarka, wai Rayis ya san ruwa dole ya sami wurin zuwa, shi ya sa ya ba da gidansa don na mutane su tsira. Liman ma ya taɓo maganar. Ni kuwa na sunkuyar da kai irin na masu tawali’u, ban gaskata ba ban ƙaryata ba. Hattab ne kaɗai idan muka haɗa ido sai ya juya baya kafaɗunsa suna rawa. A ranar duk ƙauyen kuskus da kifi aka ci, ni ko loma ban iya haɗiyewa ba. Tsoro nake ji, irin wanda ban taɓa ji a cikin jirgi ba. Nakan je in tsaya a kan majil, in kai hannu ga guga, in fasa. Muka riƙa shan ruwan da matar Hattab take aiko mana, wai kafin namu ya kwanta, kuma ni da Shalbiya ba wanda ya ta da maganar.

Da iska ta lafa, jirgin farko ya kawo Lutfi. Ya shigo da kwalaye a naɗe a hammata, da igiyar ɗaure kaya. Ya gaishe mu, ya sumbaci kan uwarsa, ya dubi layin gishiri da yanzu ya wuce gwiwarsa. Na shirya masa jawabi a kan karkatar shinge, amma bai tambaya ba. Ya jingine kwalayen ya ce, “Umma, a ba ni ruwa in sha. Na gida.”

Na ce a raina shi ke nan. Ga Safakis ta zo wa Shalbiya har gida, ba sai ta yi faɗa ba. Ta tashi ta ɗaga murfi, ta zura guga, ta jawo, ta cika kofin silba. Lutfi ya miƙa hannu, sai ta kai kofin bakinta. Ta sha a hankali, ina kallon maƙogwaronta yana motsi, har ta ga gindin kofin. Ta goge baki da gefen mayafi.

“Alhamdu lillahi, murfin ya riƙe,” ta ce. “Ubanka ne ya zauna a kai, ka kuwa san nauyinsa.”

Lutfi ya sake miƙa hannu. Ya karɓi kofin ya cika da kansa, ya kurɓa. Ya tsaya da ruwan a baki yana kallon uwarsa, ita ma tana kallonsa, ba mai ƙiftawa. Sannan ya haɗiye, ya ƙara kurɓa ya haɗiye.

“Haka ne, Umma,” ya ce. “Yana nan yadda na san shi.”

To a nan ne ya kamata mai hankali ya yi shiru. Ni kuwa wani farin ciki ya taso mini tun daga tafin ƙafa. Ashe zaman da na yi bai tafi a banza ba. Na miƙe na fara bayani, yadda na karanta ruwan, yadda na san inda zan sa nauyina, yadda wani in ba ni ba da ya bar murfin ya tafi. Na ce a ba ni in sha ruwan mahaifina. Shalbiya ta ce bari, ka sha shayi yanzu. Na fizge kofin daga hannun Lutfi na kafa kai, na yi babbar kurɓa irin ta mai nasara.

Teku ce tsagwaronta, har da ɗanɗanon laka da na kifi. Ban ma san lokacin da na feso ta ba, ta baki ta hanci, a kan rigar Lutfi da kwalayensa. Na durƙusa ina tari, hawaye yana zuba.

Da ƙyar tarin ya lafa. Shalbiya ta dube ni daga sama har ƙasa.

“Tun ina yarinya nake haɗiye abubuwa saboda mutumin nan,” ta ce. “Shi kurɓa ɗaya ta gagare shi.”

Lutfi ya fashe da dariya har ya zauna a ƙasa, ya yi ta yi, sannan dariyar ta yanke. Ya share ido ya tambayi uwarsa, ba ita ce kullum take cewa Safakis take so ba? Ga shi ya zo da kwalaye, ɗaki yana can a gyare. Me ya sa za ta sha gishiri don ta rufe wa Baba asiri?

“Wa ya ce maka don shi na sha?” ta ce. “Ina son in riƙa cewa zan tafi, wannan daban. Jiya na je arewa. Kabarin Najiba a bushe yake, ko ciyawar kansa ba ta kwanta ba. Ruwan da zai je wurinta ne wannan sakaran ya kawo mini gida. Kofi ɗaya ba zai gagare ni ba.”

Ban taɓa jin kunya da ƙauna sun haɗu mini a wuri ɗaya irin na lokacin ba. Na tuna shayin da take ɗauka zuwa fiffiken arewa, na tuna abin da na zata, na rasa inda zan sa fuskata. Na buɗe baki zan ce wani abu, Lutfi ya ɗaga mini hannu ya ce, Baba, don Allah, yau ka huta.

Ya daɗe yana kallon bakin majil. Sannan ya cire takalmi, ya naɗe wando, ya ce a kawo tsani. Sai an kwashe ruwan tas, an wanke bango, an sake wankewa, sannan a jira ruwan sama. Bai ce mun zauna ba, bai ce mun tafi ba. Ya ce dai wannan ƙofar ta bakin ruwa a toshe ta, a buɗe wata can kudu inda ba gidan kowa, kuma idan ana aikin a ba Baba kujera a shagon shayi, a juya ta tana kallon bango. Ya sauka ciki da guga, ni aka ba ni igiya. Aikina in ja, in zubar, in mayar, ba a nemi shawarata ba.

Shalbiya ta wuni tana shan ruwan gidan Hattab, kofi bayan kofi, gishiri yana ƙona mata ciki, ba ta kuma bari na ce mata sannu ba. Yanzu jirgina yana can kudu, kullum sai na taka da waɗannan gwiwoyin, kuma duk wanda na gamu da shi sai ya tambaye ni ko yau ma a gida zan kama kifi. Majil yana nan wankakke, babu komai a ciki, muna duban sama. Kwalayen Lutfi bai koma da su ba. Suna bayan ƙofa a naɗe, kuma na lura duk ranar da iskar gabas ta tashi, Shalbiya takan ɗauke su ta ɗora a kan sif, kusa da akwatinta, don kada su jiƙe.